Labarin Kunne A Tambayi Ido: Yadda Likitoci Suka Gano Tushen Hajijiya



A wajenmu idan mutum ya ce jiri yake ji, kafin ya rufe baki an samo masa dalili. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya ce ai jininsa ne ya yi ƙasa, wata ta ce yunwa ce a dama masa fura, idan kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a fara raɗa ana cewa ko iska ce ta taɓa shi. Wasu daga cikin waɗannan dalilai gaskiya ne, don kuwa ƙarancin jini da yunwa suna sa mutum ya ga duhu-duhu idan ya miƙe tsaye. Amma akwai wani jirin daban, wanda mutum yana kwance a kan gadonsa zai ga ɗaki yana juyawa da shi, rufi ya koma ƙasa, daɓe ya koma sama, amai ya taso masa. Shi ne hajijiya ko juwa, irin wadda yara ke jawo wa kansu da gangan idan suka yi ta juyi a tsakar gida har su zube suna dariya. Ita wannan, mafi yawan lokuta, daga can cikin kunne take tasowa. Da wuya ka ji an ambaci kunne a cikinmu, kuma kada mu ji kunya, don su ma Turawan sun daɗe ƙwarai ba su ambace shi ba.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, likitocin Turai sun ɗauka duk wanda hajijiya ta kayar, jini ne ya taru ya cushe masa ƙwaƙwalwa. Suna lissafa shi a layi ɗaya da mai farfaɗiya da wanda ɓarin jikinsa ke shirin shanyewa. Maganin kuwa shi ne a rage jinin. A tsaga jijiya a tara kwano, ko a kafa masa ƙaho kamar yadda wanzamanmu ke yi, ko a manna masa matsattsaku su sha su ƙoshi, sannan a bi shi da maganin wankin ciki. Mutum ya zo da jiri, ya koma gida da jiri da rashin jini, ga kuma fargabar an ce masa ƙwaƙwalwarsa ta kusa tafiya.

Alhali tun kafin nan akwai waɗanda suka tsinci bakin zaren, sai dai kowa da nasa guntun. A shekarar 1792 wani likita a Landan mai suna William Charles Wells ya lura cewa idan mutum ya yi ta juyawa sannan ya tsaya cak, ƙwayar idonsa ba ta tsayawa. Takan sulale a hankali zuwa gefe guda, sai ta fizgo da sauri ta dawo, ta sake sulalewa, ta sake fizgowa, shi kuwa mai idon bai ma san ana yi ba. Wannan ita zan riƙa kira rawar ido, ku riƙe ta da kyau don ita ce jarumar labarin nan. Wells ya ga rawar amma bai san wa ke kaɗa gangar ba.

Mai gangar kuma wani Bafaranshe ne ya ci karo da shi, Pierre Flourens, a shekarun 1820, a cikin kan tattabaru. Can bayan dodon kunne, a cikin ƙashi mai taurin gaske, akwai wasu 'yan bututu guda uku a kowane kunne, kowanne ya lanƙwashe kamar awarwaro, ɗaya a kwance biyu a tsaye, cike da ruwa. A zamanin an ɗauka aikinsu ji ne, wai su ke gaya wa mutum ta inda sauti ya fito. Flourens ya riƙa yanke su ɗaya bayan ɗaya. Da ya yanke na kwancen sai tattabara ta kama kaɗa kai dama da hagu tana zagaye, da ya yanke na tsaye sai ta kama kaɗa shi sama da ƙasa har tana tuntsurawa. Amma ji bai tafi ba, tana jin sauti sarai. Ya rubuta abin da ya gani, likitoci suka karanta, suka ce to, lamarin tsuntsaye ne, suka ci gaba da tsaga jijiyoyin mutane.

Wanda ya haɗa tattabarun nan da ɗan Adam shi ne Prosper Meniere, kuma shi kansa ba da niyya ya zama likitan kunne ba. An haife shi a 1799. A 1833 gwamnatin Faransa ta tura shi ya kula da wata gimbiya, uwar mai neman sarautar ƙasar, da aka tsare a kurkukun Blaye saboda ta nemi tayar da bore, ana kuma raɗe-raɗin tana da juna biyu alhali mijinta ya daɗe da mutuwa. Cikin ya tabbata, ta haihu a tsare, boren ya mutu murus. Wannan kaɗai ya isa littafi guda, amma ba shi ya tara mu ba. A 1838 aka naɗa Meniere babban likitan makarantar kurame ta birnin Faris, ya shafe sama da shekara ashirin ba abin da yake gani sai kunnuwa.

A cikin waɗannan shekaru ya yi ta ganin mutane masu ƙorafi iri ɗaya. Lafiyayyen mutum yana zaune sai hajijiya ta sure shi, ga amai, ga gumi, ga wani ƙugi a cikin kunne, bayan ta lafa kuma sai ya ji jinsa ya ragu, yawanci a kunne ɗaya. Abin da ya ɗaure wa Meniere kai shi ne, duk tsananin abin mutumin ba ya fita hayyacinsa, harshensa ba ya karyewa, hannu da ƙafa ba sa mutuwa, yana tashi zai ba ka labarin duk abin da ya faru. Shekaru su wuce, ƙwaƙwalwa garau, kunne ne kawai ke ƙara toshewa. To ina cushewar jinin take? Ranar 8 ga Janairu 1861 ya tsaya gaban majalisar manyan likitocin Faransa ya ce su bar ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi, ciwon a kunnen ciki yake, ya kuma kafa hujja da tattabarun Flourens.

Ya ba da labarin wata budurwa da ta yi tafiyar dare cikin hunturu a saman keken doki, sanyi ya kama ta, ta kurumce farat ɗaya, hajijiya ta hana ta ko motsi sai amai, a kwana na biyar ta ce ga garinku nan. Allah Sarki. Da aka duba gawar, ƙwaƙwalwa da laka lafiya ƙalau, amma 'yan bututun nan na kunne cike suke da wani abu ja mai kama da jini. Likitocin baya sun ce da alama ba ciwon da yau ake kira da sunan Meniere ne ya kashe yarinyar ba, sun fi zargin cutar jini ce ta sa jini ya tsiyaya a kunnen. Ko ma mene ne, ta nuna abin da yake son nunawa, wato ɓarna a kunne kaɗai ta isa ta juya wa mutum duniya. Majalisar dai ba ta ba maganarsa wani muhimmanci ba a lokacin. Shekara guda bayan haka, a 1862, ciwon huhu ya yi ajalinsa, bai ga ranar da za a ce ya yi gaskiya ba.

Bayansa abubuwa suka yi sauri. A 1870 Bajamushe Friedrich Goltz ya fito fili ya ce bututun nan aikinsu daidaita tsayuwa ne. Tsakanin 1873 da 1874 mutum uku da ba su haɗa baki ba, Ernst Mach da Josef Breuer da Alexander Crum Brown, suka bayyana yadda abin ke aiki. Ka ɗauki ƙwarya da ruwa ka juya ta da sauri, ƙwaryar za ta juya amma ruwan sai ya ɗan yi nawa. Ka tsayar da ita, ruwan ya ci gaba da zagayawa. Haka ruwan cikin bututun yake, yana tura wasu 'yan gashi masu laushi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa kai ya juya ta nan ko ta can. Yaron da ya gama juyi ya tsaya, ruwan kunnensa bai tsaya ba, shi ya sa ƙasa ke gudu da shi.

A Amurka kuma William James na jami'ar Harvard ya ce in dai haka ne, ya kamata a sami kuramen da hajijiya ba ta kama su. A 1882 ya buga sakamakon gwajin kurame 519, inda aka sami 186 da duk juyin da aka yi da su ko gezau. Cikin masu ji kusan 200 da aka gwada a jami'arsa kuwa, mutum ɗaya tak ya tsira. Shekaru da dama bayan haka, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1968, masu shirin tura mutum sararin samaniya a Amurka sun yi aiki da wasu kurame goma sha ɗaya daga kwalejin Gallaudet, waɗanda goma daga cikinsu sanƙarau ne ya kashe musu kunne tun suna yara. An sa su a jirgin ruwa cikin teku mai hauka, masu binciken suka kwanta suna ta kelaya amai, su kuwa suna ta kartarsu. Mu da sanƙarau ya yi wa ta'adi a 1996, akwai irinsu a garuruwanmu, waɗanda aka san sun rasa ji amma ba a lura da dalilin da ya sa suke tangaɗi idan dare ya yi ba.

To duk wannan ilimi ne, amma likita da mara lafiya a gabansa yana da matsala. Kunnen ciki ba ya lequwa. Ko ka haska fitila iyakarka dodon kunne, abin da kake nema yana binne cikin ƙashi, dukkansa bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba. Ta yaya za ka san na dama ne ya mutu ko na hagu, ba tare da ka fasa kan mutum ba?

Amsar ta zo daga bakin wani mara lafiya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Robert Barany matashin likita ne da ya fara aiki a asibitin kunne na Farfesa Politzer a 1903, kuma cikin aikinsa har da wanke wa mutane kunne da ruwa a sirinji. Da yawa sukan ce suna jin jiri idan ana wankin, shi kuma ya lura idonsu na yin rawar nan da Wells ya gani. Wata rana wani ya ce masa shi fa idan ya wanke a gida da ruwa mai ɗumi ba ya jin komai, sai a nan da ruwan ke da sanyi. Barany ya ce wa ma'aikaciyar jinya ta ƙara ɗumama ruwan. Ita kuma, ko haushi ta ji ko tsautsayi ne, da mutumin ya dawo sai ta kawo ruwa mai zafi sosai. Ana zubawa ya yi ƙara ya ce ya yi zafi, ga jirin ya dawo. Barany ya dubi idonsa, sai ya ga yana rawa, amma zuwa ɗaya gefen, kishiyar na ranar ruwan sanyi.

Nan take ya gane. Ruwan da aka ɗura yana sanyaya ko ɗumama ruwan da ke cikin bututun, mai ɗumi ya taso sama, mai sanyi ya nutse ƙasa kamar yadda ake gani a tukunya, sai kunne ya ɗauka kai ne ke juyawa, ya umarci ido ya bi. Ma'ana ke nan an sami hanyar tambayar kowane kunne shi kaɗai. A zuba ruwa a na dama a dubi ido, a zuba a na hagu a dubi ido, wanda ido bai amsa masa ba shi ne matacce. Ya buga wannan a 1906. (Don Allah kada wani ya ce zai gwada a gida, likita sai ya tabbatar dodon kunne bai huje ba kafin ya zuba ko ɗigo.)

Mai karatu zai ce me ya haɗa kunne da ido? Riƙe takarda a gabanka, ka kafa ido a kan kalma ɗaya, ka kaɗa kanka dama da hagu da sauri. Za ka iya karantawa. Yanzu tsayar da kan, ka kaɗa takardar da irin wannan saurin. Rubutun ya dagule. A na farko kunne ne ke gaya wa ido kai ya yi dama kai ka yi hagu, cikin abin da bai kai ƙiftawa ba. A na biyu ido ne shi kaɗai, kuma shi kaɗai ba shi da wannan zafin naman.

Abin da ya sami Barany daga baya, da a littafi na rubuta shi da an ce na cika ƙari. Yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914, ya tafi aikin likitan soja duk da gwiwarsa ɗaya a sandare take tun yana yaro. Aka tura shi garin Przemysl, Rashawa suka yi wa garin ƙawanya har ya faɗi a watan Maris 1915, aka kwashe shi cikin fursunonin yaƙi zuwa Merv, can ƙasar Turkumenistan ta yau. Yana can a tsare labari ya iske shi cewa shi aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci ta shekarar 1914. Sai da Yarima Carl na Suwidin ya sa baki ta hanyar ƙungiyar agaji ta Red Cross aka sake shi a 1916. Ya dawo Biyana yana zaton za a tare shi da kiɗa, sai ya tarar abokan aikinsa sun haɗa masa ƙara, wai ya kwashi aikin wasu bai ambace su ba. Masu ba da kyautar suka bincika suka wanke shi, amma zaman ya riga ya ɓaci. Hassada dai ba ta da ƙabila. Ya tattara ya koma Uppsala a Suwidin a 1917, a can ya zauna har ya rasu a 1936.

Gwajinsa ya rayu. A 1942 Fitzgerald da Hallpike a Landan suka daidaita shi, ruwa mai digiri 30 da mai digiri 44, wato bakwai ƙasa da zafin jiki da bakwai sama da shi, kowanne na daƙiƙa 40, kuma har yau kusan a haka ake yi. Wani abin dariya, a 1983 an yi gwajin a cikin kumbo a sararin samaniya, inda babu nauyin da zai sa ruwa mai ɗumi ya taso, sai ga ido yana rawa abinsa. Ashe bayanin Barany bai cika ba, akwai wani abin bayan na tukunya, amma gwajin kansa bai ƙaryata ba.

Sai dai ido ba ɗan aiken kunne ba ne kawai, shi ma shaida ne mai zaman kansa. Tsayuwar mutum shaidu uku ke riƙe da ita a gaban ƙwaƙwalwa: kunne, da ido, da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi masu jin inda ƙasa take. Biyu sun isa a tsaya, ɗaya ba ya isa. Tun a shekarun 1840 likitan Balin, Moritz Romberg, ya lura masu tunjeren da ya ci musu laka suna tsayawa daidai, amma da ya ce su rufe ido sai su tafi luu. Har gobe likitoci na cewa haɗa ƙafafunka ka rufe ido, wato a kori shaida ɗaya a ga ko sauran za su iya. A 1974 kuma a Edinbara, David Lee da Eric Aronson suka gina ɗaki wanda bangonsa ke motsi amma daɓen na nan daram, suka tsayar da yara masu koyon tafiya a ciki. Da bango ya matsa sai yaran su yi tangaɗi, wasu su zube, alhali ba abin da ya taɓa su. Duk wanda ya taɓa zama a mota a tasha, ta kusa da su ta ja baya ya ji kamar tasu ce ta tashi, ya san wannan.

Babu wanda ya bayyana zaman dogaro da ido kamar wani likita Ba'amurke da ya rubuta labarin kansa a 1952, ya sa hannu da haruffa biyu kawai, J.C. An yi masa allurar streptomycin ta tsawon lokaci, maganin ya kashe masa sashen daidaito na kunnuwa biyu. Ya fara ganewa ne wata safiya da ya rufe fuska da tsumma mai ɗumi zai yi aski, sai ga shi a ƙasa. Daga nan ko bugun zuciyarsa kan sa rubutu ya yi tsalle, sai ya cusa kansa tsakanin ƙarafan gado kafin ya iya karatu. Idan yana tafiya ba ya gane fuskar mai zuwa, don haka ya ɗauki al'adar gaida duk wanda suka yi kiciɓis. Wannan allura da 'yar uwarta gentamicin ba baƙi ba ne a wajenmu, kuma abin da ya sa ake cewa kada a yi su sai da izinin likita ke nan.

Da yake ido na iya danne rawarsa idan ya sami abin da zai kafa wa kallo, Bajamushe Hermann Frenzel ya ƙera wani tabarau mai kaurin gilashi a shekarun 1920. Wanda ya sa shi ba ya ganin komai sai hazo, likita kuwa yana ganin idon ya yi ɓulu-ɓulu. Na zamanin yanzu kyamara ce a ciki, tana aika hoton kwamfuta.

Akwai wata hajijiyar da ta fi kowacce yawa, wadda ke zuwa idan mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai, ko ya sunkuya kamar a ruku'u da sujada, ta yi ƙasa da minti guda ta wuce. Barany ya bayyana ta a 1921, sannan Margaret Dix da Hallpike suka fitar da gwajinta a 1952: a juya kan mutum gefe, a kwantar da shi da sauri kansa na ɗan reto, a jira 'yan daƙiƙu a ga rawar ido. Dalilinta wasu 'yan tsakuwoyi ne masu kama da garin alli, da ke ɓallewa daga mazauninsu a cikin kunne su faɗa bututun da ba nasu ba. Wani likita a jihar Oregon, John Epley, ya ce in tsakuwa ce ai sai a mirgino ta ta koma gida, ta hanyar juya kan mutum daki-daki. Da ya gabatar da wannan a 1980 'yan uwansa likitoci suka mayar da shi abin dariya, mujallu suka ƙi buga masa, sai a 1992 aka buga. A shekarar ce kuma wasu likitocin Kanada biyu, Parnes da McClure, suka buɗe bututun ana tiyata suka ga garin da idonsu. Yau juyin Epley ake koya wa ɗalibai, minti kaɗan ne, ba allura ba ƙwaya.

Kada kuma a ce tsofaffin likitocin nan sun yi kuskure ɗari bisa ɗari, don wani lokacin ƙwaƙwalwar ce da gaske. Jini kan toshe a sashenta na wajen ƙeya, ya zo da hajijiya da amai sak irin na kunne. A 1988 Halmagyi da Curthoys a birnin Sidni na Ostireliya suka nuna cewa idan likita ya riƙe kan mutum, ya ce ya kalli hancinsa, ya fizga kan kaɗan zuwa gefe, idon mai mataccen kunne zai tafi tare da kan sannan ya dawo da sauri. A 2009 Kattah da Newman-Toker da abokansu a Amurka suka haɗa wannan da wasu duba biyu, wato ko rawar idon na sauya gefe idan an kalli dama da hagu, da ko ido ɗaya ya fi ɗaya tashi sama, suka gwada a kan mutum 101 masu hajijiyar da ta ƙi tsayawa. A hannun ƙwararre, duban nan uku ya kama masu toshewar jini fiye da hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI da aka ɗauka cikin kwana biyun farko. A wannan gwajin idon da ya kauce ya dawo shi ne labari mai daɗi, don yana nufin kunne ne. Wanda idonsa ya tsaya cak a kan hancin likita alhali hajijiya na ta ɗibarsa, shi ake garzayawa da shi a duba ƙwaƙwalwa.